Hayaniya a Ɗakin Jarrabawar Akcuwari: Ka Lissafa Ta Tun Kafin Ta Same Ka

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sassan ƙididdiga, inshora, akanta da harkar banki. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ba ya cikin manhaja, babu kuma malamin da ke ware masa lakca, amma yana kayar da mutanen da suka yi karatu tsakani da Allah. Abin nan shi ne hayaniya da sauran abubuwan ɗauke hankali a lokacin jarrabawar ƙwararru. Za mu yi magana a kan jarrabawar akcuwari, domin a cikinta minti ɗaya ma kuɗi ne. Amma mai shirin ICAN ko ANAN ko CIIN, har da wanda jarrabawar semesta ce kawai a gabansa, kowa zai tsinci nasa.

Wane ne akcuwari?

Akcuwari shi ne masanin da ke auna kasada da lissafi. Shi ke faɗa wa kamfanin inshora nawa zai karɓa a hannun mai mota ko mai shago, da nawa zai ajiye domin biyan diyyar da ba ta riga ta taso ba. Shi ke duba asusun fansho ya ce kuɗin za su isa ko ba za su isa ba nan da shekara 30. Tun da ƙa'idar lissafin inshora ta IFRS 17 ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2023, buƙatar irin waɗannan mutane ta ƙaru a kamfanonin inshora, har da na Najeriya da hukumar NAICOM ke sa wa ido.

Digiri ko HND kaɗai ba ya mayar da mutum akcuwari. Sai ya bi jerin jarrabawar wata ƙungiyar ƙwararru, kuma manyan ƙungiyoyin a ƙasashen waje suke. A Amurka akwai Society of Actuaries, wato SOA, da aka kafa a 1949, da Casualty Actuarial Society, wato CAS, ta 1914. A Birtaniya akwai Institute and Faculty of Actuaries, wato IFoA, wadda ta samu a 2010 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu, ta Ingila da ta Sikotilan. Ɗalibai daga ko'ina a duniya suna zama jarrabawarsu, har da 'yan Najeriya.

Ga yadda matakin farko na SOA yake. Jarrabawar P, ta lissafin yiwuwa, tambaya 30 ce a cikin awa 3, wato minti 6 ga kowace tambaya. Jarrabawar FM, ta lissafin kuɗi da kuɗin ruwa, tambaya 30 ce a cikin awa 2 da rabi, wato minti 5 ga kowace. A kwamfuta ake yin su, a cibiyoyin kamfanin Prometric. Ana ba da sakamako daga 0 zuwa 10, kuma sai ka samu 6 ka tsallake. Masu harkar suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna ba sababbi: awa 100 na karatu ga kowace awa ɗaya ta jarrabawa. Ka ga ke nan P kaɗai tana cin kusan awa 300. Kuɗin rajista da dala ake biya, ga kuɗin mota zuwa garin da cibiya take, ga masauki. Ita kuwa IFoA sau biyu take manyan zamanta a shekara, Afrilu da Satumba, don haka wanda ya faɗi sai ya jira kusan rabin shekara. To, duk wannan wahala ce ake ɗora wa awa ukun nan. Shi ya sa tarin mutumin da ke kusa da kai ba ƙaramin abu ba ne.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Da yawa suna zaton cibiyar jarrabawa tsit take kamar laburare da tsakar dare. Ba haka ba ne. A cibiyoyin kwamfuta irin na Prometric da Pearson VUE, ɗaki ɗaya ne ake haɗa masu jarrabawa daban-daban. Kai kana lissafi, na damanka yana buga doguwar amsa a kibod, ƙwas-ƙwas-ƙwas ba tsayawa. Ba tare aka fara ba, ba kuma tare za a gama ba, saboda haka ƙofa tana ta buɗewa da rufewa, ana shigo da wani ana fitar da wani. Masu sa ido suna zagayawa. Kujera ta yi ƙara, wani ya yi atishawa, wani yana girgiza ƙafa har teburin yana motsi. Tun 2020, lokacin annobar korona, manyan jarrabawar SOA na rubutu su ma suka koma kwamfuta, sai bugun kibod ya ƙaru.

A shekarar ce kuma IFoA ta mayar da jarrabawarta ta intanet, ɗalibai suka riƙa rubutawa daga gida da Word da Excel da manhajar R. Zaman gida yana da nasa ciwon kai, kuma mu nan mun fi kowa saninsa: janaretan maƙwabci, kukan yaro, mai talla, hon ɗin a-daidaita-sahu, lasifikar gidan biki. Ƙari a kan haka, a duk jarrabawar da ake sa ido ta kyamara, muryar wani mutum a cikin ɗakin tana iya jawo maka tuhumar satar amsa. Tsarin waɗannan ƙungiyoyi yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka kundin ƙa'idojin zaman da ka yi wa rajista shi ne alƙalinka, ba abin da wani ya ba ka labari bara ba.

Abin da ƙara ke yi wa kai

Hayaniya ba ta goge abin da ka haddace. Dabarun da ka koya suna nan daram. Wurin da take yin ɓarna daban ne. A 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu na Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka bayyana wata ma'ajiya ta wucin-gadi da ƙwaƙwalwa ke riƙe abubuwa a cikinta yayin da take aiki. Mu kira ta allon cikin kai. Allon nan ƙarami ne ƙwarai. A 1956 George Miller ya ce yana ɗaukar abu wajen 7, daga baya a 2001 Nelson Cowan ya ce abin ya fi kusa da 4. Idan aka karanto maka lambar waya kana maimaita ta a zuci kafin ka samu biro, da allon nan kake aiki. Kuma da muryar zuci ake riƙe lambobin.

Matsalar ita ce maganar da ke shigowa ta kunne ba ta neman izini, kai tsaye take faɗawa kan wannan allo. A 1976 Herbert Colle da Alan Welsh suka gwada masu jin Turanci da haddar jerin haruffa, ana kunna musu magana da Jamusanci, harshen da ba sa ji, aka kuma ce su yi watsi da ita. Duk da haka haddarsu ta ragu. Salamé da Baddeley sun sake tabbatar da wannan a 1982. Binciken da ya biyo baya ya nuna wani abin mamaki: ƙarfin muryar bai cika sauya girman ɓarnar ba. Wato raɗa ma tana yin aikin da magana da ƙarfi ke yi. A 1993 Dylan Jones da William Macken suka nuna cewa abin da ke cutarwa shi ne sauti mai sauyawa, mai hawa da sauka. Shi ya sa ƙugin fanka ko na na'urar sanyaya ɗaki bai cika damun mutum ba, amma hirar mutum biyu a bakin taga tana wargaza lissafi.

Akwai ƙari. A 1959 Neville Moray ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku yana jin sunansa idan aka ambata a cikin maganar da ya toshe wa hankalinsa. A 2010 Lauren Emberson da abokan aikinta a jami'ar Cornell suka nuna cewa jin ɓangare ɗaya na hirar waya ya fi ɗauke hankali a kan jin hirar gaba ɗaya, domin kai yana ta ƙoƙarin cike gurbin abin da bai ji ba. Duk wanda ya taɓa karatu a hostal abokin ɗakinsa yana waya da daddare ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Wani zai ce, ai ni cikin hayaniya na tashi, na saba. Gaskiya ne kunne yana sabawa da wasu sautuka. Simon Banbury da Dianne Berry sun nuna a 1997 cewa bayan kusan minti 20 ana jin ƙarar ofis, ɓarnarta tana raguwa, amma ɗan gajeren shiru yana iya dawo da ita sabuwa. Sun kuma nuna a 1998 cewa irin wannan ƙara tana taɓa lissafin ka. Sabo yana taimako, amma ba sulke ba ne.

Ga ma'auni kaɗan da ya kamata ɗalibin lissafi ya riƙe. Da desibel ake auna ƙara, kuma ma'aunin ba a miƙe yake tafiya ba. Ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau 10, kunne kuma yana jin kamar ya ninka sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa ƙarar da ke cikin aji kada ta wuce desibel 35. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da tushen ƙara, tana raguwa da kusan desibel 6. Saboda haka sauya kujera ba wasa ba ne.

Misali da naira

Ga irin tambayar FM mai sauƙi. Za a riƙa biyan mutum naira 50,000 a farkon kowace shekara har shekara 5, kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100. Nawa ce darajar kuɗin a yau?

Ka fara: 1 a raba da 1.1, a ɗaga zuwa 5, ya ba ka 0.62092. Ka cire daga 1, ka raba da 0.1, ka samu 3.79079. A daidai nan abubuwa uku ne a kan allon kanka: lambar nan, naira 50,000, da kalmar "farkon shekara", wadda ke nufin sai ka ƙara ninkawa da 1.1. Sai ƙofa ta buga, mai sa ido ya shigo da wani yana yi masa raɗa. Ka ɗaga kai na daƙiƙa 5, ka dawo. Lambar tana kan kalkuleta, 50,000 tana kan allon kwamfuta, amma "farkon shekara" ta faɗi. Ka ninka ka samu 189,539. Amsar gaskiya ita ce 208,493. Kuma masu tsara tambayoyin zaɓi sun san kurakuran da aka saba yi, sukan sa amsar kuskuren a cikin zaɓin. Sai ka gan ta, ka ji daɗi, ka danna, ka wuce. Ba rashin sani ya kayar da kai ba. Abin da ba ka rubuta ba ne ya ɓace.

Mu lissafa ta kamar akcuwari

Akcuwari ba ya zama yana fatan kada gobara ta tashi. Tambaya biyu yake yi: sau nawa abin ke aukuwa, kuma idan ya auku nawa ne asarar? Mu yi wa hayaniya haka. Lambobin da ke tafe na misali ne kawai domin darasi, kowa ya sa nasa.

A ce a ɗakin jarrabawa ana samun abin da zai ɗauke maka hankali sau 4 a awa, ba tare da tsari ba. A awa 3 sau 12 ke nan. Da ƙa'idar Poisson, wadda ke cikin manhajar P ɗin kanta, yiwuwar ka gama awa ukun babu ko ɗaya ita ce e^(−12), wato kusan 6 cikin miliyan. Ma'ana wanda ya shiga da tsammanin shiru, ya gina shirinsa a kan abin da ba zai faru ba. A tambaya ɗaya mai minti 6 kuwa, matsakaicin katsewa 0.4 ne, yiwuwar ta wuce lafiya ita ce e^(−0.4), wato 0.67. Ke nan kusan tambaya 10 cikin 30 za a katse ka kana tsakiyarsu.

Yanzu girman asara. Ɗalibi na farko yana rubuta kowane mataki. Idan aka katse shi, daƙiƙa 45 ta ishe shi ya duba takarda ya ci gaba. Sau 12, minti 9 ke nan, tambaya ɗaya da rabi. Ɗalibi na biyu a ka yake riƙe komai, idan aka katse shi sai ya koma farko, ga ɓacin rai, a ce minti 3 kowane karo. Sau 12, minti 36 ke nan, tambaya 6 cif, kashi 20 cikin 100 na jarrabawar. Ɗaki ɗaya, ƙara ɗaya, ilimi ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta raba mai 6 da mai 5.

Darasin a fili yake. Yawan aukuwa ba duka ne a hannunka ba, girman asara kuwa kusan duka a hannunka yake. Sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Shiri kafin ranar

Na farko, karanta ƙa'idar cibiya a kan abin toshe kunne. Prometric tana barin a shiga da na soso mai laushi marar waya, bayan an duba shi, kuma cibiyoyi da yawa suna ajiye hedifon mai rage ƙara a kan teburi. Iyafis na waya da duk wani abu mai batir kuwa, ka bar shi a waje. Na soso mafi kyau akan rubuta desibel 33 a jikin kwalinsa, amma a zahiri abin da ake samu bai kai haka ba, musamman idan ba a sa shi daidai ba. Yadda ake sawa: ka murza shi ya zama siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi, ka riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Ya fi tare siririn sauti irin bugun kibod, ƙugin janareta kuwa yakan ratsa.

Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara toshe kunne a ranar jarrabawa zai ji numfashinsa da bugun zuciyarsa da haɗiyar yawunsa sun cika masa kai, sai maganin ya zama wata cutar. Ka yi aƙalla sati biyu kana atisaye da shi.

Na uku, raba karatunka gida biyu. Sabon darasi, wanda kake son fahimta, ka neme shi a wuri mafi shiru da za ka samu. Gwajin tsofaffin tambayoyi kuwa, ka yi wasu a wurin da ya yi kama da cibiya: ɗakin kwamfuta na makaranta ko ƙasan laburare inda ake shige da fice, da agogo a gabanka, awa 3 cur ba tashi. A 1998 Harry Grant da abokan aikinsa suka yi wani ƙaramin gwaji: wasu suka yi karatu cikin shiru, wasu cikin ƙarar kantin cin abinci, sannan aka jarraba su. Waɗanda yanayin karatunsu ya dace da na jarrabawarsu sun fi samun maki. Wanda bai taɓa lissafi ba sai ƙarfe 2 na dare da kowa ya yi barci, ranar jarrabawa ce zai fara haɗuwa da abokin gabarsa.

Na huɗu, kalkuleta. SOA tana da jerin waɗanda ta amince da su, irin su BA II Plus da TI-30XS MultiView. Ka koyi ajiye lamba a ma'ajiyarta har hannunka ya riƙa yi da kansa. Duk lambar da kalkuleta ta riƙe maka, allon kanka ya huta da ita.

Na biyar, ga mai rubutawa daga gida: ka zauna a ɗakin a irin ranar da irin lokacin, sati ɗaya kafin, ka saurara. Idan ranar kasuwa ce ko lokacin tashin 'yan makaranta, gara ka sani yanzu. Ka yi wa mutanen gida da maƙwabta magana cikin ladabi, ka faɗa musu ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Janareta a nisanta shi da taga, tunda ka ga abin da ninka tazara ke yi.

Cikin ɗakin

Ka isa da wuri. Idan ana ba da zaɓi, ka roƙi kujerar da ke nesa da ƙofa da teburin masu sa ido. Roƙo ne, ba dole ba, amma mai tambaya ba ya ɓata.

Ka mayar da takardar lissafin da aka ba ka ta zama allonka. Ka raba ta gida-gida, ka sa lambar tambaya. Kafin ka taɓa kalkuleta, ka rubuta abin da aka bayar, abin da ake nema, da tarkon da ke ciki, kamar "farkon shekara" ko "duk wata" ko "aƙalla biyu", ka zagaye shi da biro. Kowane mataki layi ɗaya. Wannan daƙiƙa 15 da kake gani kamar ɓata lokaci, ita ce kuɗin inshorar da ka biya.

Ka ware ajiyar ko-ta-kwana, kamar yadda kamfanin inshora ke yi. A P, ka tsara minti 5 da rabi ga kowace tambaya maimakon 6. Minti 165 ke nan, saura 15 a aljihu. Idan hayaniya ta ci minti 9, daga ajiya ta ci, ba daga tambayoyinka ba. Sanin haka kaɗai yana kwantar da hankali.

Idan aka katse ka, ka bi mataki uku, kullum iri ɗaya: dogon numfashi ɗaya, karanta layin ƙarshe da ka rubuta, sake karanta jimlar ƙarshe ta tambayar. Idan ƙarar mai tsawo ce, kamar ana gyaran wata kwamfuta a kusa da kai, ka yi wa tambayar mai wuya alama ka koma kan masu sauƙi har a gama.

Sai babban ɓarawo, wato fushi. Tarin mutum daƙiƙa 2 ne, amma zancen zucin da ke biyo baya, "wannan wane irin mutum ne, dubi dalolin da na biya", yana iya cin minti 5, kuma a kan allon nan guda yake zama. A 1972 David Glass da Jerome Singer suka wallafa gwaje-gwajen da suka nuna cewa ƙarar da ba a san lokacin zuwanta ba, ba a kuma da iko da ita, ita ta fi gajiyar da mutum, har bayan ta tsaya. Waɗanda aka ba maɓallin kashe ƙarar sun fi juriya a aikin da ya biyo baya, ko da yake yawancinsu ba su danna shi ba. Sanin cewa kana da abin yi shi ne maganin. Maɓallinka kai shi ne abin toshe kunnenka, ajiyar mintunanka, da hannunka da za ka iya ɗagawa.

Idan abin ya wuce gona da iri

Tari da bugun kibod ɓangare ne na ɗakin jarrabawa, babu ƙungiyar da za ta saurari ƙorafi a kansu. Amma aikin gini a jikin bango, ƙararrawar gobara, ma'aikata suna hira da ƙarfi, ɗaukewar wuta, ko kwamfuta ta tsaya, waɗannan daban ne. Ka ɗaga hannu nan take. Kunya ba ta da wuri a nan, kuma yin shiru har a tashi yana raunana maganarka daga baya. Ka faɗi matsalar a taƙaice, ka nemi a tsayar da ita ko a sauya maka kujera. Kafin ka bar cibiyar, ka nemi a rubuta abin da ya faru a rahotonsu, ka karɓi lambar rahoton idan suna bayarwa.

A ranar, kafin ka kwanta, ka rubuta wa ƙungiyar da ta shirya jarrabawar, ba cibiyar kaɗai ba. IFoA, alal misali, tana da tsarin duba uzurin da ya shafi zaman jarrabawa, kuma irin wannan tsari da wa'adi yake tafiya. Ka rubuta kamar mai neman diyyar inshora: rana, cibiya, lambar kujera, ƙarfe nawa abin ya fara, minti nawa ya ɗauka, wa ka gaya wa, me aka yi. Ban da zagi, ban da ƙarin gishiri. Kada ka sa rai za a ba ka maki kyauta. Amma takarda mai lokaci da hujja tana da nauyin da dogon kuka a Facebook ba shi da shi, kuma tana iya sa a gyara wa na bayanka.

Gyaran wuri kuwa yana aiki. A 1975 Arline Bronzaft ta binciki wata firamare a birnin New York da ke jikin layin dogo, ta samu yaran ɓangaren da jirgi ke wucewa suna baya a karatu idan aka gwada da na ɗaya ɓangaren. Aka shimfiɗa roba a layin, aka sa silin mai shanye sauti a azuzuwan. Da ta sake aunawa a 1981, bambancin ya gushe. Wannan abin lura ne ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: nisanta janareta da azuzuwan jarrabawa, da dakatar da kiɗa da gangamin kamfe a satin jarrabawa, buƙatu ne da za a iya kai wa hukumar makaranta da hujja a hannu.

Kada kai ka zama hayaniyar

Da yawanmu da karatu a bayyane muka tashi, baki yana motsi, murya tana fita ƙasa-ƙasa. A gida babu laifi, yana ma taimakon hadda. A ɗakin jarrabawa kuwa, ka ga dai raɗa tana yi wa na kusa da kai ɓarnar da ihu zai yi, kuma mai sa ido yana iya ɗaukarta wani abu daban. Haka ƙwanƙwasa biro, girgiza ƙafa, tsaki, da tsayawa a bakin taga bayan ka fito kana tambayar "me ka samu a lamba 7?" alhali wasu suna ciki. Ɗan uwa, 'yar uwa, idan kun gama ku yi nisa tukuna.

Aikin gida

Ɗauki jarrabawar FM: tambaya 30, minti 150. A ce ana katse ka sau 6 a awa. Ka nemo yiwuwar tambaya ɗaya ta wuce ba a katse ka ba, da adadin tambayoyin da kake tsammanin za a katse, da asarar lokaci idan kowace katsewa ta ci daƙiƙa 40, sannan idan ta ci minti 2 da rabi. Domin ka duba aikinka: 0.61, kusan tambaya 12, minti 10, da minti 37 da rabi.

Bayan haka ka yi na gaske. A gwajinka na gaba, ka ajiye 'yar takarda a gefe, duk lokacin da hankalinka ya tafi ka ja layi ɗaya, ka ƙiyasta tsawon lokacin da ka ɗauka kafin ka dawo. Bayan gwaji uku za ka samu lambobinka na kanka, ka san yawan mintin da za ka ajiye. Allah Ya ba da sa'a.